Tsugunnen Siradji a Gidan Alhaji Yunusu

A layin masu ƙusa da kwado na Grand Marché, babbar kasuwar N'Djamena, idan ka ji wata murya ta danne ƙarar injin yankan ƙarfe, ba sai ka waiwaya ba, Siradji ne. Shekararsa talatin da takwas, shagonsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, amma bakinsa ya ishi kasuwar duka har a yi ragi. Ya taɓa gaya mana cewa ya haye kogin Chari da iyo, ya sha shayi a Kousseri ya dawo, alhali mun san ko a kwalekwale sai ya runtse ido. Ni da shagona ke jikin nasa na saba. Ba mugu ba ne, ba ya cutar kowa, sai dai duk abin da ka sani ya riga ka saninsa tun kana goye.

Abu ɗaya ne bai taɓa ƙara wa gishiri ba, shi ne son da yake wa Zulaikha. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Klémat, mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, mace mai natsuwa da ƙarancin magana. Yadda aka yi ta saurare shi har ta amince, Allah kaɗai ya sani. Ta dai amince, ta ce saura ya je ya gaida mahaifinta.

To, a nan gizo yake saƙar. Mahaifin nata, Alhaji Yunusu, tsohon ɗan kasuwar yadi ne, kakanninsa tun zamanin Faransawa suke garin nan, yanzu ya yi sabon gini a Gassi ya koma can. Duk Hausawan N'Djamena sun san gaisuwarsa. Mai neman aure ba a ba shi kujera ba a ba shi tabarma, tsugunawa zai yi, Alhaji kuma ya kama tambaya: ina uba, ina uwa, ina kakanni, yaya kasuwa, yaya zafi, ruwan kogi ya ja baya ko yana nan. In ya kai ƙarshe sai ya ɗauko daga farko. Mijin babbar 'yarsa a minti na ashirin ya ɓingire kan butar shayi. Mijin ta biyu ya jure, amma da rarrafe ya fita. Alhaji yakan ce wanda bai iya riƙe gwiwarsa ba, ina zai iya riƙe gida.

An sa wa Siradji rana, Juma'a ta uku. Washegarin da labarin ya iso kasuwa, yana alwala ya naɗe wando, sai Rabiou mai fenti, mutumin Maraɗi da shagonsa ke fuskantar namu, ya tsaya yana kallo.

"Siradji, waɗanga ƙahwahu naka ne, ko wurin zalɓe ka aro su?"

"Jijiya ce zalla," in ji Siradji. "Ku masu nama ku ne kuke gajiya."

"Da su za ka tahi gidan Alhaji? Wallahi ka tahi da tabarmar jinya."

Siradji ya miƙe ya yarfe ruwan hannunsa. Ya ce mu shaida, sati uku zai yi yana ɗaga ƙarfe, kuma ranar nan sai ya tsuguna har Alhaji Yunusu ya gaji ya roƙe shi ya tashi. Muka ce mun shaida, don shaida ba ta da nauyi.

Wurin motsa jikin, wanda a nan muke ce wa sal, yana bayan wani garejin gyaran mota a Klémat. Mai shi Idi ne, tsohon ɗan kokawa, mutum mai haƙuri. Kayan nauyinsa kwanon birkin manyan motoci ne da siminti da aka zuba a gwangwanayen madara, a soke su a sandar ƙarfe. Idi ya saɓa sanda a kafaɗa ya nuna masa yadda ake sauka a tashi, ya ce wannan shi ake kira sikwat, shi ne uban aikin ƙafa.

Siradji ya yi dariya har da dukan cinya.

"Wannan ne sikwat ɗin? Ai tsugunne ne, Idi. Bahaushe a tsugune yake cin tuwo, a tsugune yake alwala, a tsugune yake gaida surukai. Yau kuma Nasara ya raɗa masa suna za a koya min?"

"Tsugunnen tuwo ba da ƙarfe a wuya ake yinsa ba," in ji Idi. "Da sanda tsiraranta za ka fara. Ka miƙe bayanka, ka ɗaure cikinka kamar za a naushe ka, ka kafa diddige a ƙasa. In bayan ya gantsare ko ya ranƙwafa, ka ajiye."

"Sanda babu komai? Ni?"

"Kai."

Kwana biyu ya yi yana ɗaga sanda yana gunaguni. A rana ta uku ya gayyato mu kallo, ni da Rabiou da wasu 'yan layinmu, ya kuma lura cewa sanda tsirara ba abin nuna wa jama'a ba ce. Idi na fita amsa kiran mai gareji, Siradji ya soka kwanon birki bibbiyu a kowane gefe. Ya shiga ƙarƙashi, ya ɗauka da kyar, ya dube mu ya kashe ido. Sannan ya sauka irin saukar da ya gada, baya a ranƙwafe, diddige a sama, sai ka ce an ajiye masa akushi. Saukar ta yi kyau. Wurin tashi ne muka ji wani ƙas daga ƙugunsa, sandar ta zame ta baya ta daki ƙasa har kajin maƙwabta suka watse.

Ya tsaya a sunkuye, hannu biyu a gwiwa, ido ya fito.

"Na gama," ya ce da wata siririyar murya. "Ɗaya tawa ta fi goman wani."

Idi ya shigo da gudu. Ya kwantar da shi, ya danna nan ya danna can, ya tambaye shi ko ciwon yana sauka ƙafa, ko yatsunsa sun mutu. Siradji ya ce a'a. Idi ya yi ajiyar zuciya ya faɗi sunan abin da Faransanci, ya ce tour de reins ne.

"Tir da ran wa?" in ji Rabiou.

Ko a kwance Siradji ba ya bari a riga shi. Ya tuna mana cewa shi ya yi lakwal, wato boko, har aji shida, ya ce tour juyi ne, reins kuwa ƙoda. Ke nan ƙodarsa ce ta juya saboda ƙarfin da ya sa, abin da ba ya samun rago.

"Ba ruwan ƙoda," in ji Idi. "Haka kawai Faransawa suke kiran ciwon ƙugu. Nama ne ya ƙage. Ka rabu da ƙarfe sati biyu, ka riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, ka riƙa 'yar tafiya a hankali, kada ka wuni a kwance. Kuma ka je a duba ka. Ga Zulaikha ma a hannunka."

Siradji ya ɗago kai kamar an tsikare shi. Ya ce duk wanda ya bari Zulaikha ta ji wannan magana, shi da shi har lahira. Ya ƙara da cewa Idi ƙarfe ya sani, shi kuwa Faransanci ya sani, kowa ya tsaya a fanninsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mu dai muka kama shi muka kai shi gida.

A nan Klémat, a gidan Gwaggo Hajjo yake zaune, ƙanwar mahaifinsa, dattijuwa mai jiki da kaifin harshe. A nan ya buɗe asibitinsa. Dabarar tasa mai sauƙi ce: abin da ya juya, a juyo da shi. Da farko ya sa mai tsire ya riƙa aiko masa da gasasshiyar ƙoda safe da yamma, wai ta ciki ta ga 'yan'uwanta ta tuna yadda ake zama. Da wannan bai yi ba ya kira wanzami ya jera masa ƙaho takwas. Da wannan ma bai yi ba, sai Gwaggo ta shiga ɗakinsa da kunun safe ta tarar da ƙafafu a jikin bango, kai a kan tabarma, fuska ta yi jajir.

"Da shunu, Siradji?" ta tambaya da Larabcin gari, wato mene ne haka. "Jemage ka koma?"

"Gwaggo, ilimi ne. Ƙodar nake mayarwa mazauninta."

"Ka mayar da hankalinka mazauninsa tukuna. Sauko."

Saukowar ce ta gagara, sai da ta ja shi ta ƙafa. Duk da haka bai daddara ba. Ya ji an ce uwar tagwaye in ta taka mai ciwon baya yana warkewa, ga shi Gwaggo ta haifi tagwaye har sau biyu. Ta ce za ta ɗan ɗora ƙafa ɗaya don albarka. Ya ce tunda tagwayen biyu-biyu ne, ƙafa biyu za ta sa. Ta yi bisimilla ta hau. Maƙwabta sun ce sun zaci raƙumi ake yankawa.

Ya dawo kasuwa yana tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. A satin nan duk abin da ya faɗi ƙasa a shagonsa ya zama sadaka, ko ƙusa ko kwado ko makulli, sai ya dubi mai saye ya ce ɗauki, na ba ka. Labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa suna ture kaya da gwiwar hannu. Salla kuwa ya koma yinta a cikin shago a zaune, ya ce sahun masallacin kasuwa ya cika hayaniya.

Zulaikha tana kiransa a waya kullum bayan ta tashi aiki. Ina jin su, don bangon da ke tsakaninmu kwano ne.

"Lafiyarka kuwa? Muryarka kamar mai ɗauke da buhu."

"Afe, afe. Lafiya garau. Ƙarfe nake ɗagawa, shi ya sa."

"Siradji, in akwai wani abu ka gaya min."

"Abu ɗaya ne, ki ce wa Baba ya tanadi tambayoyi da yawa."

Ana gobe za a je, Idi ya tako har shago. Ya roƙe shi ya aika a ɗaga ranar, ko kuma ya faɗa wa Alhaji gaskiya ya nemi kujera, ya ce ciwon baya ba abin kunya ba ne, rabin dattawan garin nan suna da shi. Siradji ya ce ya gode, amma shi ya riga ya gano inda matsalar take: ƙodar tana komawa, sai dai ba ta samun abin da zai riƙe ta. Ya ɗauko tsohuwar robar cikin tayar babur da ya tsaga gida biyu, ya nuna masa. Idi ya dubi robar, ya dube shi, ya yi sallama ya tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni da Rabiou muka je rakiya. Mun tarar ya shafe bayansa da man zafi wanda ya kwaɓa da garin barkono don ya ƙara kaifi, ya naɗe robar nan tun daga ƙirji har ƙugu, ya ɗora babbar riga fara mai aiki. In ka gan shi a tsaye sai ka ce ango, in ka matso kusa sai ka yi atishawa.

Muka shiga kar ta Gassi, irin ƙananan bas ɗin nan da ake cusa mutum biyar a kujerar uku. Hanyar doguwa ce, kuma bayan kwalta ta ƙare ramuka ne suke karɓar juna. Duk ramin da muka faɗa sai Siradji ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, haƙora a cije. Wata tsohuwa da ke bayansa ta ce rabonta da ganin bawan Allah mai yawan zikiri haka tun rasuwar malamin unguwarsu, ta roƙe shi ya sa jikokinta a addu'a.

Alhaji Yunusu yana zaune a rumfar ƙofar gida a kan darduma, dattawan unguwa biyar suna kewaye da shi, ana dafa shayi. Muka yi sallama. Siradji ya cire takalmi, ya matsa gaba, ya tattara riga, ya sauka a hankali. Abin mamaki, da ya kai ƙasa sai na ga fuskarsa ta saki. Ashe tsugunnen ya sassauta masa ciwon. Ya waiwayo ya dube mu da wannan kallon nasa na ai na gaya muku.

Alhaji ya fara. Ya tambayi Gwaggo Hajjo, ya tambayi tagwayenta na farko da na biyu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwar ƙusa, ya gangara kan kakan Siradji da suka taɓa tafiya Abéché tare. Siradji yana amsawa da lafiya lau, har yana ƙara nasa labarin. Zafin la'asar ya taso, gumi ya jiƙa man zafin, barkono ya kama aikinsa. Idanun dattawa suka fara ruwa. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa cikin gida ya ce a gaya wa mata su rage suyar yaji, akwai baƙi.

Minti ashirin ya wuce, talatin ya wuce. Rabiou yana duba agogo yana girgiza kai. A minti na arba'in Alhaji ya shafa gemu ya yi murmushi, abin da aka ce ba a cika gani ba.

"Madalla. Tashi, ɗana, ga darduma."

Na ga Siradji ya yunƙura. Ba abin da ya motsa sai girarsa. Ƙugun ya kulle, ƙafafun sun mutu, robar ta riƙe shi a yadda ta same shi.

"A'a, Baba, nan ma ya isa."

"Tashi mana, ka gama."

"Ai ɗa ba ya haɗa shimfiɗa da uba."

Dattawa suka hau yabo, suka ce irin wannan tarbiyya ta ƙare a zamanin nan. Aka miƙa masa shayi ya sha a tsugune. Rabiou ya matsa ya raɗa masa cewa ya ci, ya tashi haka nan kada ya ɓata rawarsa da tsalle.

"Rabiou," in ji Siradji ta gefen baki, "ta sake juyawa."

Ana haka aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Dattawa suka miƙe suna neman butoci. Alhaji ya sa takalmi, ya juyo, ya ga baƙonsa yana nan inda yake.

"Siradji, salla."

"Na yi tawa a hanya, Baba."

Alhaji ya tsaya da buta a hannu.

"La'asar ɗin da yanzu ake kiranta?"

Ni da Rabiou muka dubi juna, muka ga in ba mu yi wani abu ba zai ce ya yi ta gobe ma. Muka kama shi ta hammata muka ɗaga. Ya taso a dunƙule yadda yake, gwiwa a ƙirji, ƙafafu suna lilo. A daidai nan robar ta gaji da haƙuri. Ta tsinke da wata ƙara, ta fito ta ƙasan babbar riga, ta kwashe hular wani dattijo, ta kifar da butar shayi kan gawayi. Toka ta tashi. Masu zuwa masallaci suka fasa, suka yo rumfar. Matan gida suka cika ƙofa.

Alhaji ya sa sandarsa ya ɗago robar yana kallo.

"Wannan kuma fa?"

Rabiou bai jira an sake tambaya ba, ya kwashe labari tun daga kwanon birki har zuwa hawan Gwaggo Hajjo, bai bar ko jemagen ba. Jama'a suna dariya har wasu na dafa bango. Dattijon da ya rasa hularsa ya ce, to, tsugune ba ta ƙare ba. Siradji, da muka ajiye a kan darduma kamar ƙullin kaya, ya ɗaga yatsa don ya gyara zance.

"Baba, ba wani abu ba ne. Ƙodata ce ta juya. Da Faransanci ana ce masa…"

"Ku ba ni wuri."

Zulaikha ce ta fito, mayafi a kafaɗa, ba ta dariya. Ta durƙusa kusa da shi, ta sa muka kwantar da shi ta gefe, ta tura matashi tsakanin gwiwoyinsa, ta aika a kawo ruwan ɗumi da sabulu a wanke barkonon. Ta matsa yatsun ƙafarsa ta tambaye shi ko yana ji, ya ce yana ji. Ta ga tabon ƙaho takwas a bayansa.

"Tun yaushe?"

"Ɗan kwana biyu ne."

"Sha takwas," in ji Rabiou.

Ta ɗaga kai ta dubi Siradji, shi kuwa ya dubi rufin rumfa.

Alhaji Yunusu ya gyara murya. Ya ce shi dai mutum ne mai magana ɗaya. Yaron nan ya yi minti hamsin da biyu a tsugune a gabansa, ba a taɓa yi ba, kuma ko da taimakon tayar babur ne, ƙa'ida ƙa'ida ce, ta wajensa ya wuce. Siradji ya fara murmushi, har ya buɗe baki zai ce wani abu.

"Saura ke, Zulaikha," in ji Alhaji. "Kin karɓe shi?"

"Na karɓe shi, Baba. Gobe ƙarfe bakwai ya zo asibiti ya bi layi. Sati biyu zai warke in ya ji magana."

Aka sake kwashewa da dariya. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ba wannan nake tambaya ba, 'yata. Ɗaya zancen."

Ta miƙe ta gyara mayafinta. Muryarta ba ta tashi ba, amma har na bayan taro sun ji.

"Kwana sha takwas ina kiransa ina tambaya, Baba. Ya gwammace a hau bayansa a taka da ya gaya min. Na riga na binne miji ɗaya da kullum yake ce min lafiyarsa garau. Ba zan iya na biyu ba."

Ta shige gida. Dariyar ta ɗauke, mutane suka fara zamewa suna tafiya masallaci ɗaya-ɗaya. Wani maƙwabci ya ba mu aron motar ɗaukar yashi, muka shimfiɗa Siradji a baya, na zauna kusa da kansa ina riƙe masa hula. Shekara ashirin ina fatan ganin ranar da mutumin nan zai rasa ta cewa. Ga ta ta zo, tun daga Gassi har Klémat bai ce uffan ba, kuma wallahi ban ji daɗinta ba.